Kunnen Malam Bishir a Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban samu na yi ɗinki cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shagona a Dutsin-Ma, kafin ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Isiya, wai da gaske kwamfutar Malam Bishir ta yi magana a Nijar?" In na ce ba magana ta yi ba, busa ta yi, sai ya jawo benci ya zauna. Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma kowa in ya fita sai ya ƙara masa gishiri. Jiya wani ya zo yana ba ni labarin tafiyata da kaina, wai har jiniya aka yi mana. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin yadda ya faru, in samu in koma kan kekena.

Malam Bishir ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma tun muna yara ba mu raga wa juna. A Kurfi yake zaune, malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Shekarun baya sanƙarau ya kama shi, Allah ya tashi kafaɗunsa amma kunne ya tafi. In ka sa baki a kunnensa na hagu ka yi magana da kauri, yana tsintar wani abu, sauran kuma ya karanta a leɓenka. Siririn sauti kuwa, irin kukan tsuntsu ko ƙarar waya, ko kaɗan ba ya ji. Sai aka ɗauke shi daga aji aka ba shi kula da ɗakin kwamfutoci, kuma a can ne ya tsiro da abin da ya kai mu Maraɗi.

Wata rana ya kira ni gidansa, ya ajiye wata tsohuwar kwamfutar cinya a kan tabarma. Ya nuna mini ya cire mata lasifika, ya cire abin da take kama intanet da shi, ba ta da eriya, ba waya ko ɗaya da ta haɗa ta da wani abu. Ya kawo rediyonsa mai batir ya ajiye a gefe, ya ce in murɗa a matsakaicin zango a hankali. Ina murɗawa, cikin shuuu ɗin nan da kowa ya sani, sai ga wani siririn sauti yana hawa yana sauka. Na yi wuf na janye hannuna.

"Bishir, aljanu ka fara tarawa?"

Ya yi dariya don ya karanta bakina. Ya ce, "Kai da kekenka, in kana taka shi, mai shagon kusa da kai ba ya ji ta bango? To ita ma kwamfuta haka take. Duk aikin da take yi wuta ce ke gudu a jijiyoyinta, kuma gudun nan yana ɗan yoyo cikin iska. Rediyo na jin yoyon, amma hayaniya ce kawai. Ni kuma sai na rubuta mata umarni: yi aiki, huta, yi aiki, huta, da saurin da na zaɓa. In ta yi sauri sautin ya hau, in ta sassauta ya sauko."

Na gane, don ni ma in nishaɗi ya zo mini nakan taka keke da kiɗa. Amma a ce mutumin da ba ya ji shi ya zauna ya koya wa ƙarfe busa, wannan ya girgiza ni, ko da yake ban nuna masa ba. Taubashi ba ya yabon taubashi a gabansa.

Busar kuma ba ta banza ba ce. Muna yara akan kai mu gonar kakanmu a Dabawa, kusa da rugar wani dattijo, Bappa Siddi. Da yamma in shanu za su dawo, Bappa yakan busa sarewa, kuma shi ya koya wa Bishir ɗora yatsu. Ni ina wurin, amma hankalina na kan ƙwaryar furar matarsa. Bappa ya rasu tuntuni, iyalinsa kuma da zaman daji ya lalace suka kora shanunsu suka yi arewa. Bishir ya ajiye sarewar da Bappa ya ba shi. Ya sa aka busa kowane rami aka auna masa sautinsa da na'ura, sannan ya jera busar daga abin da ya rage a kansa.

Ya ce mini, "Lissafi ya tabbatar mini abin da na saka shi ke fita. Abin da ban sani ba, ko abin da na saka shi ne abin da Bappa ke busawa. Kullum ji nake tana ƙara nisa a kaina, Isiya. Tsoro nake wata rana in tashi in tarar ƙirƙira nake."

Na ce masa daidai take. Ya dube ni ya ce, "Kai da ko kiɗan ƙwarya ba ka iya bambanta shi da dakan gero ba?" Gaskiyarsa. Ya gwada wa dattawan Kurfi, suka ce kukan sauro ne. Ya gwada wa samarin Fulani ranar kasuwa, suka saurara cikin ladabi, suka ce ba su tashi da ita ba.

Wani tsohon ɗalibinsa ya ɗauki abin a waya ya watsa, har ya kai ga wani malamin makarantar fasaha a Maraɗi, Mushe Isufu. Mushe haka suke kiran malamin boko a can. Ya aiko da gayyata, ya ce suna da taron malaman kimiyya, Bishir ya zo ya nuna. Da yake Bishir ba zai san ko rediyo ya kama ba, dole ya tafi da kunne, ni ne kuma kunnen. Muka shirya alama: in sauti ya fito in ja kunnena, in bai fito ba in girgiza kai. Matata ta ce ba ta taɓa jin an ɗauki mutum aikin jan kunnensa da kansa ba.

Muka tashi daga Kurfi da safe, bazara na tsakiyarta. Bishir ya naɗe kwamfutar a cikin darduma ya rungume ta kamar jaririya, ni kuma aka rataya mini rediyo a wuya. A motar Katsina wani fasinja ya shiga da buhun barkono, muka yi atishawa har cikin gari, Bishir kuwa yana kallonmu yana murmushi, wai yau ya ga amfanin rashin ji. Daga Katsina muka kama hanyar Jibiya. Duk wanda ya san hanyar ya san ba a cika surutu a kanta ba, kowa bakinsa na motsi da addu'a, shingen jami'an tsaro kuma ba ka gama gyara zama daga wannan ba sai ga wancan.

A iyaka, ɓangarenmu bai ɗauke mu lokaci ba. Da muka tsallaka, wani jandarma dogo, mai tsagen Gobirawa, ya sa aka kwance dardumar. Ya ga kwamfuta, ya ga rediyo, ya tambayi abin da za mu yi da su. Ni da bakina da ba ya gajiya, sai na ce cikin alfahari, "Ranka ya daɗe, wannan kwamfutar gidan rediyo ce da kanta."

Nan take fuskarsa ta canza.

"Mi ka ce? Gidan rediyo cikin jikka? Da wa kuke magana da ita?"

Sai a lokacin na tuna zamanin da muke ciki, na 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Bishir bai ji abin da na faɗa ba, amma ya ga fuskar mutumin, ya kuma ga tawa, ya gane na yi ɓarna. Ya zauna a gindin wata bishiyar dogon yaro, ya kunna kwamfutar, ya yi mini alama in murɗa. Busa ta fito tar, na ja kunnena. Sai ya ɗauki rediyon ya miƙa wa jandarman, ya nuna masa hanya da hannu, wato ya yi tafiya da shi. Mutumin ya fara takawa. Bai bar inuwar bishiyar ba sautin ya shaƙe, ya ɓace cikin shuuu. Ya dawo, sauti ya dawo. Ya sake tafiya ya sake dawowa, har abokan aikinsa suka taru suna kallo.

"Wanga gidan rediyo naku," in ji shi, "ko akuyar da ke bayan katanga ba ta jin shi." Ya fashe da dariya, ya naɗe dardumar da hannunsa, ya miƙa wa Bishir da hannu biyu. "Ku tai lahiya, Mushe. Kai kuma mai baki, ka rage."

Na rage har Ɗan Isa, daga nan na ci gaba.

Maraɗi ba ta yi mini kama da baƙon gari ba. Hausarsu ta kakanninmu ce, irin wadda tsofaffin Kurfi ke yi, sai dai sun zuba mata Faransanci yadda mu muka zuba wa tamu Ingilishi. Makaranta lakwal ce, wutar lantarki kuran, alƙalamin biro kuma bik. Na tambayi wani inda zan sa cajin waya, ya ce salula nake nufi? Mushe Isufu ya tarbe mu a tasha. Gajere ne mai fara'a, kuma abin da ya fara burge ni, tun gaisuwar farko ya lura da yadda Bishir ke kallon baki, sai ya riƙa tsayawa a gabansa sosai yana magana a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba. A gida mutane ihu suke yi masa kamar ana koran tsuntsaye a gona.

Mushe Isufu ya ƙi ya kai mu masauki, ya ce baƙon da ya tsallako iyaka ba ya kwana a ɗakin haya. A gidansa aka shimfiɗa mana katifu a tsakar gida saboda zafi. Uwargidansa ta kawo dambu da zogale da ya ji ƙuli, ga kilishi mai laushi da ban taɓa cin irinsa ba. Da safe kuma aka kawo wani burodi dogo kamar taɓarya, mai ɓawo da tauri. Na gatsa sai da dasashina ya yi jini, yaran gidan suka ɓuya suna dariya, kafin a nuna mini tsoma shi ake yi a shayi. Shayinsu ma sai mai haƙuri. Mu a Dutsin-Ma mai shayi ya zuba maka kofi cike ka kurɓe ka tafi. Su a ɗan ƙaramin gilashi suke ba ka, mai ɗaci, in ka shanye ka miƙe sai a ce ina za ka, na biyu na kan wuta, bayansa kuma akwai wani. Wani abin da ya ba ni mamaki, da rana ta take sai gari ya yi tsit, shaguna a rufe, kowa ya tafi hutawa. Na ce in na gwada haka a shagona, masu ɗinkin biki sai sun cire mini ƙofa.

Ranar taro aka kai mu wani babban zaure, sabo fil. Fitilu farare reras a sama, fankoki na juyawa, ga na'urar haska bango, ga wayoyi jere a jikin soket ana caji. Mushe Isufu ya ce da hasken rana suke samun wutarsu, ba ta yankewa. Na yi ta santi, ina cewa ina ma Kurfi. Malamai maza da mata sun cika kujeru. Wata malama ta nuna na'urar ban ruwa da ke gane ƙasa ta bushe, wani ya nuna murhu marar hayaƙi, kowa ana tafa masa. A layin gaba akwai wani dattijo mai furfura cikin kwat da taye, siriri, ba ya dariya. Aka ce mini Dokta Umaru ne, babban malamin lantarki, kuma tambayoyinsa kan sa mutum gumi.

Aka kira Bishir. Ya yi bayani da Hausa, Mushe Isufu na juyawa da Faransanci inda ake bukata. Ya iya bayani, wallahi, na tuna ashe malamin aji ne aka raba da ajinsa. Ya ce abin wasa ne a ido, amma darasi ne babba: in kwamfuta na iya busa ba lasifika, to tana iya fitar da sirrin da ke cikinta ko an yanke ta daga intanet, don haka masu ajiyar sirri su sani. Na ga Dokta Umaru ya gyaɗa kai. Sannan Bishir ya danna, ya dube ni.

Na murɗa. Ba busa. Wani irin gurnani ne ya cika rediyon, ƙrrr, kamar injin niƙa. Na kai allurar rediyon har ƙarshe na dawo da ita, na sake. Babu. Bishir na kallon hannuna yana jiran ya ga ya tafi kunne. Ban taɓa jin nauyin kaina ba irin na ranar, da na girgiza shi.

Zauren ya fara ƙus-ƙus. Na ji wani a baya yana cewa dama a waya komai ana iya haɗawa. Na gode Allah da Bishir bai ji ba, ni kuwa ta soke ni har zuciya. Ya karɓi rediyon, ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifikar, ya ji yadda take karkarwa. Ya ɗaga shi sama wajen fitila, ya kai shi kusa da soket ɗin caji, hannunsa na kai. Sai na ga ya yi murmushi.

"Jama'a, ku gafarce ni," in ji shi. "Ba kwamfutata kaɗai ke yoyo ba. Fitilun nan, da cajojin nan, da na'urar da ke juya muku wutar rana, kowa ihu yake cikin rediyon nan. Tawa raɗa take yi. A Kurfi tana fita ne don mu yawanci ba mu da wuta."

Aka yi dariya, har da tafi. Ni dai ban taɓa zaton rashin wutarmu zai yi wa wani rana ba. Na ɗauka za a ce mu fita waje. Sai Mushe Isufu ya dubi mutane ya ce, "Baƙonmu ya taho daga nesa. Mu ba shi shiru." Ba wanda ya yi gardama. Kowa ya tashi ya zare cajarsa, ya kashe salularsa, wani ya fita ya kashe wutar ginin gaba ɗaya. Fankoki suka tsaya. Cikin zafin bazarar Maraɗi, manyan malamai suka zauna gumi na bin wuyansu saboda wani kurma daga Kurfi. Wannan karamci ba zan manta da shi ba.

Na murɗa a hankali. Shuuu mai laushi, irin na gida. Sai ga ta, siririya, tana hawa tana sauka. Na ja kunnena da ƙarfi har sai da ya yi zafi.

Ba wanda ya yi motsi. Ni ina kallon Bishir, sai na ga ba ni yake kallo ba, idonsa na kan layin gaba. Na juya. Dokta Umaru ya rufe ido, ya riƙe bik ɗinsa da hannu biyu a karkace kusa da baki, yatsunsa na tashi suna sauka a jikinsa. Bai san yana yi ba. Bishir ya matsa kusa, nasa yatsun su ma suna motsi a kan cinyarsa, kuma ni da ban san kiɗa ba na ga tare suke tafiya, wannan ya ɗaga wancan ya ɗaga.

Can tsakiyar busar sai yatsun Dokta suka tsaya cak, ƙirjinsa ya ɗaga, kwamfuta kuwa ta wuce abinta. Ya buɗe ido kamar wanda aka taka.

"Numfashi!" Bishir ya faɗa da ƙarfi, don ba ya jin muryarsa. "Nan Bappa ke jan numfashi! Shi na manta!"

Dokta ya miƙe ya zo gabansa, ya tsaya inda zai ga bakinsa. Ya ce shi ɗan makiyaya ne daga arewacin Maraɗi, kawunsa ke wannan busa in za a koro shanu gida, kuma rabonsa da jin ta tun kafin a kai shi lakwal. "Ita ce, Mushe. Ba ka ɓata ko rami guda ba. Sai dai na'urarka ba ta da huhu."

Bishir ya zauna a gaban kwamfutar, ya ƙara ɗan shiru a wurin. Aka sake kunnawa. Wannan karon da aka zo gurbin, yatsun Dokta suka tsaya, busa ta tsaya, suka ci gaba tare har ƙarshe. Zauren ya ɗauki tafi. Bishir bai ji tafin ba, yana can ya rufe fuska da hularsa. Ni ma na ce gumi ne ya shiga mini ido, kuma har yau a kan haka nake.

Dawowarmu ba wani labari. Uwargidan Mushe Isufu ta cika mana jaka da kilishi, jandarman nan ya gane mu ya tambayi lafiyar gidan rediyo, ni kuma na kama bakina har Jibiya. A mota na sa baki a kunnen Bishir na hagu na ce masa ban taɓa ganin mai kai irin nasa ba. Ya ce bai ji ba, in maimaita. Na san ya ji.

Yanzu duk ranar kasuwar Kurfi nakan biya ta gidansa da yamma. In ba wuta, wanda yawanci babu, sai ya shimfiɗa tabarma ya kunna, ni in murɗa in ja kunnena. Yana bin busar da yatsu a kan gwiwa. In aka zo gurbin nan rediyo ya yi shiru, sai in ji ya ja numfashi mai tsawo. Duk cikin busar, nan ne kaɗai wurin da ni da shi muke jin abu ɗaya.